Ɗan Mai Juya Majigi

Karo na uku ke nan Alhaji Maitama yana sallamar magabatan Mus'ab daga tsaye. Wannan karon ko tabarma bai bari an shimfiɗa musu ba, goron da suka zo da shi ma sai da ya sa aka bi su da shi har bakin mota.

Barakatu tana ɗakinta, ta taga ta ji komai. Ta ji kawun Mus'ab yana ba da haƙuri, ta ji muryar mahaifinta ta katse shi, sannan ta ji tashin motar. Ta zauna a bakin gado da littattafan ɗalibanta a cinya, jan biro a hannu, har aka kira azahar ba ta duba ko shafi ɗaya ba.

Ita ba yarinya ba ce. Shekarunta ashirin da bakwai, tana koyarwa a wata firamare a Funtua, kullum ta hau motar haya daga Bakori ta je ta dawo. Shekara huɗu suna tare da Mus'ab, mai gyaran injin ban-ruwa a bakin tashar Funtua. Duk wanda aka tura bincike a kansa, da alheri yake dawowa. Ba ya shan komai, ba ya wasa da salla, shagon da yake ciki nasa ne. Aibunsa ɗaya a wurin Alhaji, shi ne sunan ubansa.

Da yamma mahaifin ya leƙo ɗakin. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kiranta da sunanta ba.

"Mamana, ba zan yi miki dole ba. Ki kawo min ko ɗan dako ne, in dai yana salla zan ba shi. Amma jinin Ɗanjuma mai silima ba zai shigo zuri'ata ba, ina raye."

Bai jira amsarta ba ya saki labule.

Mahaifiyarta Hajiya Shafa'atu ce ta zauna da ita har ta ci abinci. Ta ce ita ma da aka kawo ta gidan haka ta tarar, ba a ambaton silima, ba a ambaton Shitu, ƙanen Alhaji da ya rasu yana saurayi. Abin da ta sani kawai, a gidan silimar Funtua ya mutu, kuma an ce Ɗanjuma ne ya janye shi daga gona ya kai shi can. Daga nan ta karkato da zancen kan Alhaji Sada, matashin dillalin hatsi da matarsa ta rasu bara, wanda wata shida ke nan yana aiko da gaisuwa. Ta ce mutum ne mai kirki, kuma Alhaji yana son sa. Barakatu ta ture kwanon, ta kwanta ta juya fuskarta bango.

Ranar Litinin da aka tashi daga makaranta ba ta hau motar gida ba. Ta kira Mus'ab sau biyar ba a ɗauka ba, ta je shagonsa ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Sai ta tari ɗan acaɓa ta ce ya kai ta tsohuwar Silimar Gamzaki. Ya waiwayo ya tambaye ta ko sito take nufi, don shi da sito ya san wurin.

Dogon bango ne na siminti, fentinsa ya koɗe, an toshe 'yar tagar sayar da tikiti da bulo. Ciki fili ne babu rufi, bencinan siminti a jere, wasu sun farfashe ciyawa ta fito ta tsakaninsu. An yi rumfar kwano a gefe guda an jibge buhunan masara da dawa. Can ƙarshen filin ga wani farin bango da ya fi duk ginin unguwar tsawo, ruwan damina ya zana masa baƙaƙen layuka.

A gindin matakalar da ke hawa wani ɗan ɗaki a sama ta ga tsoho zaune a kan buzu yana jan carbi. Farar yana ta rufe masa idanu duka biyu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi sunanta da na mahaifinta. Malam Ɗanjuma ya dakatar da jan carbin.

"Sunan tsohuwa aka sa miki ke nan. Allah ya jiƙanta. Zauna, 'yata."

Ta zauna a kan matakala ta farko. Ta ce ta zo ne ta ji daga bakinsa abin da ya sa ake hukunta ta a kan abin da ya faru tun ba a haife ta ba.

Malam Ɗanjuma bai fara da abin da ta tambaya ba. Ya ce shekara ashirin da uku ya yi yana juya majigi a ɗakin nan na sama, yana harba hoto ta 'yar kafa zuwa wancan farin bangon. Da aka rufe silimar aka bar shi gadi, da matarsa ta rasu ya tattaro ya dawo ɗakin gaba ɗaya. Mus'ab ya yi ya yi da shi ya koma gidansa, ya ƙi. A nan ko babu ido ƙafarsa ta san kowace matakala, a wani wuri kuwa sai an ja shi da sanda.

"Ku yanzu kowa da silimarsa a aljihu, shi kaɗai yake kallo, shi kaɗai yake dariya. Mu a nan mutum ɗari bakwai ke yin dariya lokaci ɗaya, har a tasha ana jiyowa."

Ya ba ta labarin kakar auduga, lokacin da manoma ke zuwa a kan kekuna daga Tsiga da Dayi, har daga Malumfashi, sun yi wanka sun sa sabuwar riga. Ƙofar nan cike da masu tsire da rake da shayi. Talaka a bencin gaba, ma'aikatan auduga da 'yan reluwe a kujerun baya. Bahaushe da Bayarabe da Ibo kafaɗa da kafaɗa, ba mai tambayar wani addininsa. Fim ɗin Indiya ba wanda ke jin yaren, amma in aka raba uwa da ɗanta sai ka ji ƙattin maza suna jan hanci, gobe kuma a gona kowa yana rera waƙar yadda kunnensa ya ɗauka. Ya ce a jikin bangon nan mutumin ƙauye ya fara ganin teku, ya ga yadda cikin jirgin sama yake.

"Amma da gari ya waye, wanda ya yi maka tafi jiya zai wuce ka a hanya kamar bai san ka ba. Ɗan silima ba a ba shi mata da daɗin rai, ba a sa shi gaba a salla."

Daga baya bidiyo ya shiga gidaje, wa'azi ya yi zafi a kan wurin, mutane suka ja baya, har ranar da ya kunna majigi wa mutum tara. Mako na gaba aka sa kwaɗo.

Sai da ya kai nan ya ambaci Shitu, muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce yaro ne ɗan shekara sha tara, mai hannun gyara, yana taya shi naɗe faifan fim. Wata rana da damina, ana tsakiyar kallo, babbar lasifikar da ke gindin farin bango ta ɗauke. Jama'a suka hau ihu da zagi, ana jifan ɗakin majigi da ɓawon rake. An fara yayyafi. Shi ba zai iya barin injin ba, sai ya ce wa Shitu ya ruga ya duba wayar. Shitu ya ruga babu takalmi. Yana kama wayar wuta ta riƙe shi.

"Kafin in kashe injin wuta ya cika. A kan wancan bencin na biyu muka kwantar da shi."

Hawaye suka cika idon Barakatu. Ta ce a gida an ce shi ne ya janye Shitu daga gona.

"Haka aka ce, ban kuma musa ba. Kakarki ta zo har ƙofar nan ta ce ba ta yafe min ba, na durƙusa na karɓa."

"Baba, gaskiya ce?"

"Ni na ce ya je ya duba wayar. Wannan nawa ne, da shi zan tashi gaban Allah. Amma wanda ya goyo shi a keke daga Bakori ya damƙa min shi, ba daga bakina za ki ji ba. Yana raye. Ki tambaye shi."

Ta tambaye shi labarin Mus'ab. Ya ce jiya da yamma ya zo, ya wanke masa kaya, ya cika masa randa, ya zauna kusa da shi ya fi awa guda, sannan ya tafi.

Tana fitowa ta tarar da farar mota a ƙofa, wasu mutane biyu suna auna bango da igiyar awo. Alhaji Sada ne tsaye kusa da su. Ya gaishe ta cikin ladabi, bai nuna mamakin ganinta ba. Ya ce watan jiya ya sayi wurin, shaguna zai yi, mako mai zuwa za a fara rushewa. Ta tambaye shi tsohon da ke ciki fa. Ya ce shi ba mugu ba ne, akwai yadda za a yi a bar masa ɗakinsa, kuma sun fara magana da Mus'ab a kai. Ya buɗe mata ƙofar mota zai kai ta Bakori. Ta yi godiya ta wuce da ƙafa.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ta isa gida. Alhaji Maitama yana falonsa shi kaɗai, rediyo na yi ƙasa-ƙasa. Ta yi sallama ta durƙusa a bakin kafet, ta ce daga gidan silima take.

Ya kashe rediyon. Ta ga jijiyar wuyansa ta tashi, amma ba ta tsaya ba, don ta san in ta tsaya ba za ta sake iya buɗe baki ba.

"Baba, ban zo in yi muku rashin kunya ba. Tun da nake ban taɓa tsallake maganarku ba, ko yanzu in kun ce in mutu ban yi aure ba, zan zauna. Abu ɗaya nake roƙo. Wa ya goyo Baba Shitu a keke ya kai shi wurin Malam Ɗanjuma?"

"Shi ya ce ki tambaye ni?"

"Ya ƙi faɗa min. Na roƙe shi ya ƙi."

Alhaji ya dube ta, ya dubi ƙofa, kamar mai neman hanyar fita daga falonsa. Sai ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Ya cire hularsa ya ajiye a gefe, ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa suka fara rawa.

Da ƙyar maganar ta riƙa fitowa. Ya ce shi ne. Shi ya fara sanin silima, shi yake satar jiki bayan an tashi daga gona, ya ce wa iyayensu za su Tsiga wurin kawunsu, ya goya Shitu su nufi Funtua. Shi ya roƙi Ɗanjuma ya ɗauki yaron aiki, ba don komai ba sai don su riƙa shiga ba tikiti.

"Ranar ina ciki, Mamana. Ina benci na huɗu. Da murya ta ɗauke ina cikin masu ihu, ni na fi kowa ɗaga murya, ina cewa a tura wani ya gyara. Na ga wani ya rugo ta gabana, ban ma gane ƙanena ba ne sai da aka haska fitila."

Barakatu ta toshe bakinta da mayafi.

Ya ce bai tsaya an ɗauki gawar ba. Tsoro ya kama shi, ya hau keke ya gudu Bakori cikin ruwa, ya shige ɗaki ya kwanta. Da aka kawo labari ya fito yana kuka tare da kowa. Mahaifinsu ya tambaye shi wa ya koya wa Shitu wannan hanya, ya ce Ɗanjuma. Ya yi ta jiran ranar da Ɗanjuma zai tona shi, shekara ta bi shekara, bai tona ba. Mahaifiyarsu ta yi shekara shida ba ta ƙara dariya ba, ta rasu tana sa masa albarka, tana cewa shi ne ɗan da bai taɓa ɓata mata rai ba.

"Ba ƙinsa nake yi ba. Kunyarsa nake ji. Ta yaya zan zauna a tabarma ɗaya da shi a ɗaura aure, yana jin muryata, ya san ko ni wane ne?"

"Baba, shekara talatin da bakwai yana ɗauke da naku tare da nasa. Idonsa ya tafi. Mako mai zuwa za a rushe wurin. Ni ku bar maganata, in babu rabo shi ke nan. Amma kada ya mutu ba ku je ba."

Kuka ya ci ƙarfinta. Suka zauna haka, uba a kujera 'ya a ƙasa, har ladan ya kira magariba. Ya tashi ya ɗauki hularsa, a bakin ƙofa ya ce kada ta tafi makaranta gobe, za ta raka shi unguwa.

Da hantsi suka isa. Alhaji da kansa ya tuƙa. A ƙofar silimar ya tsaya ya daɗe, hannunsa a jikin bango, kafin ya sa ƙafa. Malam Ɗanjuma yana inda ta bar shi jiya, sai dai carbin yana ƙasa, idanunsa sun kumbura.

Alhaji ya yi sallama. Tsohon ya ɗaga kai.

"Maitama. Muryarka ba ta canza ba."

Alhaji ya tattare babbar rigarsa ya durƙusa a ƙasa, a gaban mai gadi. Ya ce ya zo ne ya faɗi abin da ya kamata ya faɗa tun iyayensa suna raye. Ya faɗa duka, bai rage ba, ya ce ranar Juma'a zai tara danginsa ya sake faɗa a gabansu. Ya roƙi gafara. Malam Ɗanjuma ya laluba ya kamo hannunsa, ya ce tun ranar ya yafe, don ya ga yaro ne tsoro ya kama, kuma tsohuwa ta riga ta rasa ɗa ɗaya, bai ga amfanin ta rasa na biyu ba.

Suka tafi tare har benci na biyu, makaho yana jan mai ido. Suka ɗaga hannu suka yi wa Shitu addu'a. Barakatu tana tsaye daga baya, hawaye na zuba, amma a karon farko cikin shekara huɗu ta ji ƙirjinta ya yi sauƙi.

Da suka shafa, Alhaji ya share fuska da hannun riga.

"Ina yaron naka? Ka ce masa ya turo manyansa ranar Asabar. Ni da kaina zan shimfiɗa musu tabarma."

Malam Ɗanjuma ya laluba bencin ya zauna.

"Mus'ab ya tafi, Maitama."

Ya ce da asuba Mus'ab ya zo da jaka a kafaɗa, ya durƙusa ya gaya masa. Jiya da yamma ya je wurin Alhaji Sada, a gaban shaidu ya rantse ya bar maganar Barakatu, zai kuma bar garin. Shi kuma Sada ya sa hannu a takarda cewa ba za a taɓa ɗakin majigi da matakalarsa ba muddin tsohon yana numfashi.

"Na ce masa a rushe, ni zan bi shi duk inda ya ce. Na riƙe masa riga. Ya ce an kore shi sau uku, ya san ba za a taɓa ba shi ba, gara ya tsira da ubansa. Ya ɓamɓare hannuna ya sa a kansa, ya ce in sa masa albarka. Bai faɗa min inda za shi ba."

Barakatu ta zaro wayarta. Ta kira, aka ce a kashe take. Ta sake kira, ta sake. Ta sulale ta zauna a kan siminti, ta ɗago ta dubi mahaifinta. Babu fushi a muryarta, da ma fushin ne da ya fi masa sauƙi.

"Baba, da ma shekaranjiya kuka faɗi haka."

Alhaji Maitama ya sunkuyar da kai. Yana nan tsaye suka ji tsayawar mota a waje, aka rufe ƙofa, sai ga sallamar Alhaji Sada daga bakin ƙofar silima, cikin fara'a, yana cewa ya je Bakori neman Alhaji aka ce masa yana nan.